Himmar Aiki da Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Abin da Aka Rubuta a Kanmu da Abin da Ya Rage Mu Rubuta

Mai girma shugaban taro, masu martaba iyayenmu sarakuna da wakilansu, shugaba da 'yan kwamitin wannan ƙungiya tamu, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso takanas daga Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja da Legas, ɗalibai, da sauran jama'a baki ɗaya. Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar a ba tsofaffin malaman makaranta irinmu damar cewa wani abu, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu karatu nesa ba kusa ba, wasunsu ma ta hannunmu suka biyo.

Sanin kowa ne cewa duk lokacin da aka buɗe maganar tallafin karatu a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, abin da iyaye ke nema wa 'ya'yansu bai wuce likitanci da aikin lauya da injiniya da akanta ba. Babu laifi a cikin wannan, domin muna da ƙarancinsu duka. Sai dai a yau muna son mu ja hankalinku ga wani fanni wanda da wuya a ji wani uba ya ambace shi, wato ilimin halayyar ɗan Adam, musamman reshensa da ke kwatanta al'umma da al'umma don gano abin da ke zaburar da mutum ga aiki da abin da ke kashe masa gwiwa. Dalilinmu shi ne, an daɗe da auna himmar Bahaushe da wannan ilimi, an rubuta sakamakon a littafi, ana karanta shi a jami'o'in duniya kusan shekara 60, mu kuwa da aka auna akasarinmu ba mu ma san an yi ba.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun ɗan laƙanci wannan fanni a darasin dabarun koyarwa. An haddace mana Abraham Maslow da tsaninsa na buƙatu na 1943, wanda ya ce mutum yakan fara da neman abinci da tsaro, sannan ƙauna da girma, daga ƙarshe ya nemi cikar burin kansa. An haddace mana Frederick Herzberg, wanda a 1959 ya ce albashi da kyawun wurin aiki suna hana ma'aikaci ƙorafi ne kawai, amma abin da ke sa shi ƙwazo shi ne daɗin aikin kansa da yabo da ɗaukar nauyi. Mun rubuta su a jarrabawa mun ci. Abin da littafin ajinmu bai tsaya a kai ba shi ne, Herzberg ya gina maganarsa ne a kan hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh ta Amurka, mutanen da ba su taɓa jiran albashi wata uku ba.

Wanda ya kawo awon nan ƙofar gidanmu shi ne wani Ba'amurke mai suna Robert LeVine. An haife shi a 1932, ya fara bincikensa a cikin ƙabilar Gusii ta ƙasar Kenya, ya koyar a Jami'ar Shikago, daga baya ya koma Jami'ar Harvard inda ya zama ɗaya daga cikin manyan masana wannan fanni. A lokacin da ya zo Nijeriya a farkon shekarun 1960, ana cikin yayin ra'ayin David McClelland, wanda a littafinsa na 1961 ya yi da'awar cewa ƙasashe na ci gaba ne gwargwadon yadda mutanensu ke da wani ƙishi a zuciya na son yin fice da kyautata aiki, kuma ana iya auna wannan ƙishi ta hanyar duba labaran da mutane ke ƙirƙira. LeVine ya ɗauki wannan ma'auni ya ce bari ya gwada shi a kan Hausawa da Yarabawa da Ibo.

Ga yadda ya yi. Ya tattara ɗalibai maza 342 na makarantun sakandare, Hausawa a cikinsu 65. Aka ce kowa ya rubuta mafarkin da ya yi. Aka kuma sa su rubuta insha'i a kan wane ne mutumin da ya ci nasara a rayuwa, da yadda yaro zai yi ya zama irinsa. Sannan aka bi rubuce-rubucen ana ƙirga wuraren da yaro ya nuna burin yin fice ko gasa ko cin nasara da ƙoƙarin kansa. Sakamakon ya fito a 1966 a littafi mai suna Dreams and Deeds, wato mafarkai da ayyuka. Ibo suka zo na ɗaya, Yarabawa suka biyo, Hausawa suka zo ƙarshe. A ɓangaren insha'i kuwa, yaran Hausawa ne suka fi kowa ambaton biyayya da ladabi da bin na gaba a matsayin hanyar ɗaukaka.

LeVine bai ce abin a jini yake ba, wannan ya kamata a yi masa adalci. Bayaninsa shi ne, kowace al'umma tana tarbiyyar 'ya'yanta ne bisa ga hanyar da ta san ana bi a ɗaukaka. Ya dogara da rubuce-rubucen M. G. Smith, wanda ya yi nazarin sarautar Zazzau ya wallafa a 1960, ya ce a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 babbar hanyar samun matsayi ita ce barantaka: ka sami ubangida, ka yi masa hidima da biyayya, in ya hau ka hau. A ƙasar Ibo kuwa, inda babu manyan masarautu irin namu, mutum yakan tara dukiya da hannunsa ya sayi muƙami. Saboda haka, in ji shi, uban Bahaushe zai koya wa ɗansa ladabi, uban ɗan Ibo zai koya wa nasa fafutuka.

Ku lura da shekarar da littafin ya fito. A 1966 ne aka yi juyin mulki biyu, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairu, aka zubar da jini a garuruwan Arewa, shekara ta zagayo aka shiga yaƙin basasa. Magana irin wannan a irin wannan lokaci ba ta tsayawa a ɗakin karatu. Ta fita ta zama abin kafa hujja ga masu cewa Bahaushe cima-zaune ne, kuma har gobe akan ji ɓurɓushinta a bakin mutanen da ba su taɓa ganin bangon littafin ba.

To, yanzu bari mu duba awon da idon wanda ya shekara 35 yana karanta rubutun yaran Hausawa. Da farko, maganar mafarki. Wane yaro ne a cikinmu aka tarbiyyantar da ya zauna gaban baƙo ya ce ya yi mafarkin ya fi kowa? An koya mana cewa mafarki mai kyau ba kowa ake faɗa wa ba, sai masoyi. An koya mana tsoron baki da tsoron hassada. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Yaron da ya fi kowa ƙwazo a ajinmu shi ne sau da yawa zai sunkuyar da kai in an tambaye shi abin da yake so ya zama, ya ce abin da Allah Ya zaɓa masa, alhali shi ne ke kwana da fitilar ƙwai yana bitar lissafi. Mai ƙirga kalmomi zai rubuta masa sifiri. Kunya ta rufe himmar, ma'aunin kuwa ba a ƙera shi don ya leƙa ƙarƙashin kunya ba.

Na biyu, su wane ne yaran nan 65? A farkon shekarun 1960 makarantun sakandare a Arewa ƙididdigaggu ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka samu shiga 'ya'yan sarakuna ne da hakimai da ma'aikatan En'e, wato gidajen da barantaka ta fi ƙarfi. Ɗan falke da ɗan mahauci da ɗan maƙeri da ɗan marini suna kasuwa ko suna kan hanya. In kana son ka ga himmar Bahaushe ka tafi makarantar kwana, ka yi kamar wanda ya je auna ruwan gulbin Sakkwato a watan bazara.

Abin sha'awa shi ne, a daidai waɗannan shekaru wani masani, Abner Cohen, yana zaune a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin Hausawan da ke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. A littafinsa na 1969 ya nuna yadda mutanen da akasarinsu ba su yi boko ba suka gina tsarin bashi da amana da masauki wanda dukiya mai yawa ke yawo a cikinsa ba tare da banki ko takardar lauya ba. Maigida da yaransa, wato barantakar nan da aka ce tana danne himma, ita ce ƙashin bayan wannan kasuwanci. Yaro ya shekara goma yana riƙe wa maigida jaka, ran nan a yi masa aure a ba shi jari, shi ma ya zama maigida. Kafin wannan, ayarin fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna taka ƙasa zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni. A cikin wannan sana'a Alhassan Ɗantata ya taso, kuma da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Mu ma a nan Zamfara, wa ya tilasta wa kakanninmu tafiya cin rani da zarar an kai amfani gida? Wa ya sa samari ke gasar kunya a gayya har wani ya faɗi, don dai kada makaɗi ya wasa wani ya bar shi? Marigayi Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya fara kafin ya koma na sarauta, kuma al'ummar da ta keɓe makaɗa musamman don zuga mai aiki, ta kuma naɗa Sarkin Noma, ba za a ce ba ta san gasa ba.

Duk da haka, 'yan'uwa, kada daɗin kare kai ya ɗebe mu. Akwai inda Baturen nan ya taɓa gaskiya, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Barantakar da ke da jari a ƙarshenta daban take da wadda muke gani yau a ƙofar gidajen 'yan siyasa, inda saurayi mai ƙarfi a jika zai wuni a zaune yana jiran a fito a miƙa masa abin cefane, shekara huɗu ta wuce bai koyi komai ba sai kirari. Mun ga ɗalibai masu kaifin basira sun gama digiri sun zauna, suna cewa ba su da wanda zai tsaya musu. Wani lokaci gaskiya suke faɗa, domin sun ga wanda suka fi a aji ya sami aiki da takardar wani babba. Idan yaro ya ga cewa sanayya ta fi cancanta biya, to lissafinsa daidai ne in ya bar littafi ya nemi ubangida. Wannan shi ne ainihin abin da LeVine ya ce, kuma laifin yana kanmu manya da muka shimfiɗa hanyar.

Bayan LeVine an ci gaba da auna mu daga nesa. Geert Hofstede, mutumin ƙasar Holan, ya tattara takardun tambayoyi kimanin 116,000 daga ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe daban-daban tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da ma'aunin al'adun aiki da ake koyarwa a kusan kowace makarantar harkokin kasuwanci. A cikin lissafinsa an haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo a ƙunshi guda aka kira shi Afirka ta Yamma. Wato manomin Kwatarkwashi da ma'aikacin ofis a Akara maki ɗaya suka samu. A 2010 kuma wasu masana uku, Henrich da Heine da Norenzayan, suka tunatar da abokan aikinsu cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Masu fannin da kansu sun yarda ma'auninsu gajere ne, suna neman wanda zai ƙara masa tsawo.

Mu kuwa muna da abin ƙarawa, yana nan cikin bakinmu. Ku tambayi Bazamfare me ya fitar da shi da asuba, zai ce neman rufin asiri. Wannan kalma ba ta da gurbi a tsanin Maslow, domin ta haɗa abinci da mutunci da haƙƙin iyali a dunƙule, ba hawa-hawa ba. Muna cewa wane yana da zuciya, wane kuwa zuciyarsa ta mutu. Muna cewa yaro ya san ciwon kansa. Muna bambanta kuɗi mai albarka da marar albarka, har mutum ya bar aiki mai tsoka saboda yana shakkar halaccinsa. Muna da fita kunya, wadda ke sa magini ya rushe katangar da ya gina ya sake ta ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. Anthony Kirk-Greene ya ɗan buɗe wannan ƙofa a 1974 da ya yi rubutu a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya jero gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Amma ya tsaya ne ga bayyana kalmomin. Aikin da ya rage shi ne a mayar da su ma'auni, a gwada a gona da kasuwa da ofis, a ga wanne ne ke motsa wa, kuma a wane hali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tarihin garinmu kansa ɗakin gwaji ne da ba a shiga ba. Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, auduga da gyaɗa suka mayar da ita babbar kasuwa, aka kafa injin gurzar auduga, aka buɗe masaƙa a shekarun 1960, manoma suka koma ma'aikatan da ke bin ƙarar jiniya. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Gusau da taimakon Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da Gombe. Mutanen da suka yi aiki a waɗannan wurare wasunsu suna raye, suna zaune a Sabon Gari da Tudun Wada, kuma kowace shekara muna binne wasu da abin da suka sani. Wani masanin tattalin arziki, Peter Kilby, ya duba masana'antun Nijeriya ya rubuta tun a 1961 cewa ƙarancin amfanin da ake ɗora wa leburan Afirka galibi daga rashin tsarin masu gudanarwa yake. Paul Lubeck kuma, a littafinsa na 1986 a kan ma'aikatan masana'antun Kano, ya nuna cewa da yawansu tsofaffin almajirai ne, kuma samun lokacin salla na cikin abubuwan da suke jayayya da masu kamfani a kansu. An yi wa Kano, wa zai yi wa Gusau?

Tambayoyin yau ma sun fi na jiya zafi. Malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, me ke sa wani ya ci gaba da zuwa aji wani kuma ya koma acaɓa da sunansa a rajista? Mun yi shugabancin makarantu, mun ga malamai biyu masu albashi ɗaya, ɗaya kamar wuta ɗaya kamar toka, kuma ba mu da amsa sai ta zato. Saurayin da ya bar gona ya shiga ramin zinariya, ko bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, wane lissafi yake yi a zuciyarsa? Manomin Tsafe ko Bungudu da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ya dawo gari yana zaune a kangon wani, yaya ake tayar da zuciyarsa in zaman lafiya ya dawo? Yarinyar da ta ji labarin ɗaliban Jangebe na 2021, me zai mayar da ita makarantar kwana? Gwamnati na iya raba taki da kekunan ɗinki, amma in ba a san abin da ke cikin zukatan masu karɓa ba, rabinsu a kasuwa za a gan su kafin mako ya zagayo.

Ga ɗalibanmu da ke zaune a baya, ga yadda hanyar take, ba za mu ɓoye muku tsawonta ba. Sashen farko na wannan ilimi a Nijeriya an buɗe shi a Jami'ar Nsukka a 1964. A Arewa Jami'ar Jos ta daɗe da nata, sannan ana karanta reshensa da ya shafi koyarwa a tsangayoyin ilimi na Zariya da Kano da Sakkwato. Digiri na farko shekara 4 ne, sai hidimar ƙasa, sai digiri na biyu kimanin shekara 2, sai na uku wanda ba ya kasa shekara 3 kuma yakan zarce. Wanda ya fito da sakamako mai kyau yakan fara a matsayin mataimakin malami, ya bi matakai har babban malami, har farfesa, kuma kowane mataki sai da rubuce-rubucen bincike da wasu masana suka tantance. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantu. Tun 2013 muna da Jami'ar Tarayya a nan Gusau, ga kwalejin ilimi ta Maru, ga ta mata a Gusau, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, duk wuraren da mai wannan ilimi zai iya zama ya yi aiki. Dole ne ku riƙe lissafi, domin fannin yana tafiya da ƙididdiga. Dole ne ku riƙe Turanci don ku yi magana da duniya, ku kuma riƙe Hausa da Fulatanci don mutanenku su buɗe muku ciki. Akwai wahala: albashin bai taka kara ya karya ba, kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Wanda ke neman kuɗin gaggawa ya nemi wata hanya. Amma ƙasar da ta haifi 'Yandoto, garin da malamai da almajirai suka riƙa yi wa tsinke tun kafin jihadi, bai kamata a ce doguwar hanyar ilimi ta ba ta tsoro ba.

Muna jaddada 'ya'yanmu mata a nan. Matan da ke cikin gida suna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da saƙa da adashi suna riƙe da wani babban kaso na tattalin arzikin garuruwanmu, kuma babu namiji, baƙo ko ɗan gida, da zai shiga ya zauna da su ya ji abin da ke motsa su. A cikin ɗalibai 342 da LeVine ya auna babu mace ko ɗaya.

Saboda haka, mai girma shugaba, roƙonmu ga kwamitin ilimi guda biyu ne. A cikin guraben tallafin karatu na bana a keɓe ko da guda ɗaya ga ɗalibi ko ɗaliba da za ta karanta wannan fanni, da sharaɗin cewa binciken kammala karatun a kan Gusau ko Tsafe ko Bungudu za a yi shi, a kuma kawo wa ƙungiya kwafi da taƙaitawa cikin Hausa don a buga a wannan mujalla. Sannan 'yan'uwanmu da ke riƙe da ofisoshi da kamfanoni da shaguna a birane, in yaran nan suka zo da takardun tambayoyi, a buɗe musu ƙofa, a ba su kujera, a amsa musu da gaskiya. Mu tsofaffin malamai kuma mun ɗauki alkawarin haɗa su da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da na jirgin ƙasa da muka sani, tun suna da ƙarfin magana.